Darasi: Yadda saƙo ke tafiya a cikin ƙwayar halitta, da binciken Lewis Cantley kan sukari da cutar daji

A darasinmu na yau za mu ɗan ajiye maganar sabbin wayoyi da manhajoji, mu leƙa wata hanyar sadarwa da ta girmi intanet nesa ba kusa ba, wato wadda ke aiki a cikin jikin mai karatu a daidai lokacin da yake karanta wannan rubutu. Za mu bi ta ne ta kan aikin wani masani ɗan Amurka mai suna Lewis Cantley, wanda ya shafe fiye da shekara arba'in yana bin sawun saƙo guda ɗaya, har sawun ya kai shi inda ciwon sukari da cutar daji suka haɗu.

Masu bibiyar labaran kamfanonin fasaha wataƙila sun taɓa cin karo da sunansa. A shekarar 2013 ne Mark Zuckerberg na Facebook da Sergey Brin na Google, tare da Priscilla Chan da Anne Wojcicki da attajiri Yuri Milner, suka kafa kyautar Breakthrough ta kimiyyar rayuwa. Mutum 11 ne suka fara karɓa, kowanne dala miliyan 3, kuma Cantley na cikinsu. An ba shi ne saboda gano wani sinadari da ake kira PI3K. To mene ne wannan abu da har ya kai wannan daraja?

Makunnin da ke cikin jiki

Jikin mutum baligi yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Kowace tana lulluɓe da wata siririyar fata ta kitse wadda ta raba cikinta da waje. Ƙwayar halitta mai lafiya ba ta yin gaban kanta. Ba ta rabuwa gida biyu, ba ta girma, ba ta ma buɗe ƙofa ta ɗebi abinci da yawa, sai ta sami umarni. Umarnin yana zuwa ne ta jini a siffar sinadarai, kuma wanda kowa ya fi sani a cikinsu shi ne insulin.

Sai dai insulin ba ya shiga cikin ƙwayar da kansa don isar da saƙon. A bakin ƙofa yake tsayawa, ya manne wa wani furotin da ya tsiro a kan fatar, kamar yadda eriyar waya ke kama sabis daga turken sadarwa. Daga nan sai an sami waɗanda za su karɓi saƙon su miƙa shi ciki hannu da hannu. Masu wannan aiki su ne enzayim, wato furotin ɗin da ke hanzarta haɗuwa ko rabuwar sinadarai, kuma dangin da ya fi shahara a harkar isar da saƙo shi ne wanda ake kira kaines.

Aikin kaines guda ɗaya ne tak. Yana cizgo wani ɗan guntun sinadari mai suna fosfet daga jikin ATP, wanda shi ne batirin ƙwayar halitta, ya liƙa shi a jikin wani abu dabam. Da zarar an liƙa, siffar abin ta canza, sai ya kunnu ko ya mutu. Akwai kuma wani dangin, fosfatais, mai bi yana ɓamɓare abin da aka liƙa. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan tsari a tsakiyar shekarun 1950, aka ba su kyautar Nobel a 1992. Wani lissafi da aka yi a 2002 ya nuna ɗan'adam na da irin waɗannan kaines masu aiki a kan furotin har 518. Mai karatu ya riƙe wannan hoto na makunni, domin duk sauran darasin a kansa ya doru.

Bambancin milimita ɗaya

An haifi Cantley a 1949 a jihar West Virginia, ya tashi a ƙauye. Ilimin sinadarai ya karanta, ya kammala digirin digirgir a jami'ar Cornell a 1975, sannan ya wuce Harvard. Tun a can ya nuna halin da zai yi masa rana daga baya. Masu bincike sun daɗe suna ganin ATP ɗin da suke saya, wanda aka tato daga tsoka, yana hana wani enzayim aiki yadda ya kamata. Shi ne ya bi diddigi, ya gano a 1977 cewa akwai ɗan gurɓin sinadarin banadet a ciki. Abin da wasu suka ɗauka ɓacin kaya ne, shi ya mayar da shi bincike.

A farkon shekarun 1980 hankalin masana cutar daji ya karkata ga wasu ƙwayoyin bairus masu sa dabbobi yin ƙari. Dalilin mai sauƙi ne. Bairus ɗin ƙanana ne ƙwarai, furotin ɗinsu 'yan kaɗan ne, don haka idan aka gano wane makunni suke taɓawa a cikin ƙwayar halitta, an gano hanyar da cutar ke bi. Ɗaya daga ciki shi ne bairus ɗin foliyoma mai kama ɓeraye. A 1985 ɗalibin Cantley mai suna Malcolm Whitman, tare da David Kaplan da Thomas Roberts da Brian Schaffhausen, suka nuna cewa furotin ɗin wannan bairus yana tafe ne manne da wani kaines. Abin da ya ba da mamaki shi ne wannan kaines a kan kitsen fatar ƙwayar halitta yake liƙa fosfet. Sun kuma lura cewa duk bairus ɗin da aka lalata ta yadda ba ya iya kama wannan kaines, to ba ya iya mayar da ƙwaya mai lafiya ta zama ta daji.

A nan ne labarin ya fi daɗi. Kitsen da ake magana a kansa yana da wani kai mai siffar zobe, kuma zoben na da gurabe shida da masana suka lamba daga 1 zuwa 6. A wancan lokaci duk masana fannin sun san gurbi na 4 da na 5 ne ake liƙa wa fosfet, kuma an gina bayanai masu yawa a kan haka. Yadda ake duba sakamakon gwaji shi ne a ɗiga samfurin a ƙasan wani faranti mai shafe da hoda, a tsoma bakin farantin cikin ruwan sinadari, ruwan ya riƙa hawa yana jan kowane abu zuwa tsayin da ya dace da shi. Whitman ya lura cewa ɗigon da nasu enzayim ɗin ke samarwa ba ya tsayawa daidai inda ake tsammani. Yana kaucewa da kamar milimita ɗaya, wato bai kai kaurin katin sim biyu ba.

Mutum goma za su ga irin wannan, tara su ce farantin ne ya karkace. Su kuwa suka sake gwajin, suka sake, ɗigon ya ci gaba da kaucewa. Da taimakon masani Peter Downes na Birtaniya suka tantance sinadarin, suka wallafa a mujallar Nature a 1988 cewa a gurbi na 3 ne enzayim ɗin ke liƙa fosfet, abin da ba a taɓa sanin jiki na yi ba. Daga nan sunan PI3K ya samo asali: harafin P da I na kitsen ne, 3 gurbin ne, K kuma kaines. Manyan fannin ba su karɓi maganar nan take ba, sai da wasu ɗakunan bincike suka maimaita suka sami abu ɗaya.

A 1989 ɗakin binciken Cantley ya nuna cewa idan sinadarin da ke umartar ƙwaya ta girma ya iso, PI3K na samar da wani kitse mai fosfet uku da ake kira PIP3 cikin 'yan mintuna. A 1990 kuma suka nuna cewa insulin ma wannan makunnin yake dannawa. Wato bairus mai haddasa ƙari da sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ta ƙofa ɗaya suke shiga.

Yadda saƙon ke tafiya

Mu bi shi a hankali. Ka ci tuwo ko shinkafa, hanji ya narkar da su zuwa gulukos, sukarin jini ya hau. Wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta saki insulin. Insulin ya manne wa eriyarsa a fatar ƙwayar tsoka. Eriyar, wadda ita ma kaines ce, ta liƙa fosfet a jikin wani furotin mai shiga tsakani, shi kuma ya janyo PI3K zuwa bakin fata. PI3K ya tarar da kitse mai fosfet biyu, ya ƙara masa na uku, ya zama PIP3. Shi PIP3 ba ya zuwa ko'ina. Zama yake a jikin fatar ta ciki kamar alamar sanarwa a fuskar waya, sai wani kaines mai suna AKT ya hango shi ya zo ya manne, ya kunnu.

AKT ne ke raba aiki. A tsoka da kitse yana sa a fito da ƙofofin shigar gulukos zuwa saman fata. A hanta yana cewa a daina zuba sukari cikin jini, a fara ajiya. A sauran ƙwayoyi kuma saƙonsa shi ne akwai abinci, a gina furotin, a girma, kada a mutu. Idan an gama, wani fosfatais mai suna PTEN ya bi ya ɓamɓare fosfet na uku, sanarwar ta goge, komai ya lafa. An gano PTEN a 1997 a matsayin ƙwayar gado da ke ɓacewa a ƙari iri-iri, kafin Tomohiko Maehama da Jack Dixon su nuna a 1998 cewa aikinsa ke nan.

Idan wannan layi ya yi rauni, ƙwayoyin jiki suka daina jin kiran insulin da kyau, hanyar ciwon sukari nau'i na biyu ke nan. Idan kuma makunnin ya maƙale a kunne, ko aka rasa PTEN mai gogewa, ƙwayar za ta yi ta jin umarnin girma alhali babu wanda ya aiko. Kamar manhajar da ke ci gaba da zuƙar data da caji a bayan fage ne, kai kuma ka ɗauka ka rufe ta.

An tabbatar da cewa wannan na faruwa a jikin mutane a 2004, lokacin da masu bincike a jami'ar Johns Hopkins, ƙarƙashin Victor Velculescu da Bert Vogelstein, suka karanta ƙwayoyin gadon ƙari da dama. Sun tarar ƙwayar gadon da ke ƙera PI3K, wadda ake kira PIK3CA, ta sami tangarɗa a kusan kashi ɗaya cikin uku na sankarar babban hanji da suka duba. Daga baya aka gano tana cikin ƙwayoyin gado da suka fi yawan lalacewa a cutar daji baki ɗaya. A nau'in sankarar mama da ya fi yawa, wanda sinadaran mace ke ciyarwa, kusan kashi 40 cikin ɗari na masu ita na ɗauke da wannan tangarɗa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin sankarar mama ce cutar dajin da ta fi kama mata a Nijeriya.

Ƙwayar da ba ta ƙoshi

Tun a shekarun 1920 wani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin cutar daji na shan gulukos fiye da kima, kuma suna sarrafa shi ta hanyar da ta yi kama da almubazzaranci. Ƙwaya mai lafiya, idan akwai iskar oksijin, tana ƙona gulukos ɗaya ƙurmus ta sami ATP kusan 30. Ta daji kuwa takan tsaya a rabin hanya, ta karɓi 2 kacal, ta zubar da sauran a matsayin laktet. Na'urar hoton asibiti ta PET a kan wannan hali ta dogara. Ana yi wa majiyyaci allurar wani sukari mai alama, sai wurin da ƙari yake ya haska saboda ya fi naman da ke kewaye da shi zuƙa.

Warburg ya zaci injin ƙona abinci na ƙwayar ne ya lalace. A 2009 Cantley da Matthew Vander Heiden da Craig Thompson suka fitar da wata maƙala a mujallar Science da ta ba da wata fassarar. Ƙwayar da ke shirin rabuwa biyu, in ji su, kayan gini take nema fiye da wuta. Tana buƙatar sabuwar fata, sabon furotin, sabon kwafin bayanan gado. Idan ta ƙona gulukos gaba ɗaya, hayaƙi ya tafi da shi ta numfashi. Idan ta tsaya a tsakiya, gutsattsarin na nan a hannunta ta yi gini da su. Mai shirin ƙara ɗaki a gida ba ya jefa azararsa cikin murhu.

Magani, da tarkon da ke cikinsa

Tunda an san makunnin, sai a ƙera maganin da zai toshe shi. A faɗe abu ne mai sauƙi, a aikace ya ci shekaru da kuɗi masu yawa, kuma magunguna da dama sun faɗi a gwaji. A 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da idelalisib don wasu nau'o'in sankarar jini. A watan Mayun 2019 ta amince da alpelisib na kamfanin Novartis don sankarar mama da ta yi nisa kuma take da tangarɗar PIK3CA. A gwajin da aka yi, matan da suka sha shi haɗe da maganin da aka saba ba su sun kai wata 11 kafin cutar ta ci gaba, waɗanda ba su sha ba kuma wata 5.7. Jinkiri ne aka samu, ba waraka ba, amma ga iyalin da ke ƙirga kwanaki ba ƙaramin abu ba ne. A 2024 wani sabo, inavolisib, ya biyo baya.

Mai karatu da ya bi bayanin layin saƙon nan da kyau zai iya hango matsalar da kansa. Maganin ba ya bambanta PI3K na ƙari da na hanta da tsoka. Da ya toshe su duka, sai sukarin jini ya yi sama. Kusan biyu cikin uku na matan da suka sha alpelisib a gwajin sun sami hawan sukari. Fankiriyas kuma da ta ga haka sai ta ƙara kwararo insulin, kuma insulin mai yawa na iya danne maganin ya sake kunna makunnin a cikin ƙarin. An kori ɓarawo ta ƙofa, jiki da kansa ya buɗe masa taga.

A 2018 Benjamin Hopkins da Cantley da likita marubuci Siddhartha Mukherjee da abokan aikinsu suka gwada hanyoyin hana wannan a jikin ɓeraye. Sun gwada metformin, maganin ciwon sukari da aka fi sani, bai yi wani tasiri sosai ba. Sun gwada wani maganin da ke sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari, ya fi. Sun kuma gwada abinci mai yawan kitse da ƙarancin sitaci ƙwarai, wanda ake kira kito, kuma da aka haɗa shi da maganin toshe PI3K, ƙarin ya ragu sosai. Sai dai akwai wani sakamako a cikin wannan bincike da masu tallan kito a intanet ba sa son ambata. A ɓerayen da ke da wani nau'in sankarar jini, abincin kito shi kaɗai, ba tare da magani ba, ya ƙara wa cutar sauri ne.

Saƙon WhatsApp da ke cewa a daina shan sukari

Da wuya a sami mai waya da bai taɓa karɓar saƙon nan ba: wai cutar daji sukari take ci, a daina shan sukari za ta mutu da yunwa. Rabin farko yana da tushe, kamar yadda muka gani. Rabin ƙarshe kuskure ne mai haɗari. Jiki ba ya barin gulukos ya ƙare a jini, domin ƙwaƙwalwa na dogaro da shi. Ko ba ka sa ƙwayar sukari a baki ba, hanta za ta ƙera shi, har daga tsokar jikinka idan ta kama. Majiyyacin da ya bar asibiti ya koma horon yunwa, kansa yake ramarwa, ƙarin kuwa zai sami rabonsa.

Abin da Cantley ke faɗa ya sha bamban da wannan, duk da cewa an san shi da ƙaurace wa sukari a abincinsa. Damuwarsa ita ce insulin da ke zama a sama shekara da shekaru saboda yawan zaƙi da ƙiba, yana ta danna makunnin girma. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2016 cewa akwai isasshiyar hujja da ke danganta ƙiba da nau'o'in cutar daji 13. A 2019 kuma Marcus Goncalves da Jihye Yun da Cantley suka riƙa bai wa ɓeraye ruwan zaƙin masara mai furuktos, adadin da ya yi daidai da mutum ya sha lemon gwangwani ɗaya a rana. Ɓerayen ba su yi ƙiba ba, amma ƙarin hanjinsu ya fi girma da muni. A lura da kyau, ɓerayen an riga an canza musu ƙwayar gado ta yadda dole su yi ƙari, don haka abin da aka nuna shi ne zaƙin na ciyar da ƙarin da ya riga ya tsiro. Kuma ɓera ba mutum ba ne.

A ganina wannan ya isa dalilin da zai sa matashi ya rage lemon kwalba, musamman idan ya tuna gwangwani mai mililita 330 kan ɗauki kusan giram 35 na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a rana, in da hali ma 25. Amma bai isa dalilin da zai sa wani ya tura wa 'yar'uwarsa mai jinya saƙon ta ajiye magani ba. Ya kamata kuma a san cewa Cantley na cikin waɗanda suka kafa kamfanonin magunguna, ciki har da Agios da Faeth, wanda ke gwada haɗa tsarin abinci da magani a jikin mutane. Wannan bai rage ingancin bincikensa ba, sai dai duk mai karanta labarin kimiyya ya kamata ya riƙa tambayar wa ke da riba a ciki, kamar yadda muke yi idan kamfani ya yabi batirin wayarsa.

Taswirar makunnai

Cantley ya jagoranci cibiyar cutar daji ta Weill Cornell a birnin New York daga 2012, sannan ya koma cibiyar Dana-Farber da ke Boston a 2022. Aikinsa na baya-bayan nan ya fi kusa da duniyarmu ta kwamfuta. Na'urorin zamani na iya gano dubban wurare a jikin furotin da aka liƙa wa fosfet, amma a mafi yawansu ba a san wane kaines ne ya liƙa ba, kamar a ga tarin saƙonni babu lambar mai aikowa. A 2023 tawagarsa, tare da ta Michael Yaffe na jami'ar MIT da Benjamin Turk na Yale, suka gwada kaines 303 ɗaya bayan ɗaya, suka gano jerin haruffan furotin da kowanne ya fi so, suka zuba bayanan a wata manhaja mai suna Kinase Library da aka ɗora a intanet. Mai bincike zai shigar da jerin haruffan da ya samu daga ƙarin majiyyaci, manhajar ta lissafo masa kaines ɗin da suka fi yiwuwa su ne a kunne. A 2024 suka ƙara da sauran dangin, masu liƙa fosfet a kan tairosin, wanda eriyar insulin ke cikinsu.